Ƙofar da ta ƙi buɗewa: ku ba ni shawara a kan wasa ƙwaƙwalwa a cikin wasan labari

Ɗanlami, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da damuwa, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka daɗe suna jan wasa fiye da ni.

Mu shida ne, duk Asabar bayan la'asar muke zama a zauren gidanmu. Ni ke jan labarin, su biyar kowa da jaruminsa, muna bin dokokin wasan labarin da ake kira Dungeons & Dragons bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, amma labarin namu ne, a wata ƙasa mai kama da bakin Binuwai. Makon jiya jaruman suka shiga wani tsohon gari da ƙasa ta binne. Na shirya musu ƙofofi biyu. Ta farko an rubuta a kanta: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Ban ko rufe baki ba wata ƙanwata ta ce tsintsiya, ƙofa ta buɗe, abin da na kwana ina shiryawa ya wuce kamar ƙiftawar ido. Ta biyun kuwa gidaje tara ce, uku a uku, da duwatsu tara masu lamba daga 1 zuwa 9, a jera su yadda kowane layi zai ba da jimla iri ɗaya. A nan muka tsaya har aka kira magariba. Biyu suka koma kan wayoyinsu, ɗaya ya ce jaruminsa zai fasa ƙofar da gatari, na ce ba ta fasuwa, ya yi shiru bai sake magana ba har aka tashi. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni na tara su.

Ina na yi kuskure? Ko dai in daina saka irin wannan gaba ɗaya?

Hajara, Marwa

Wa alaikumus salam Ɗanlami. Kada ka daina. Amma ƙofarka ta farko ba wasa ƙwaƙwalwa ba ce, gwajin tuni ce. Kacici-kacicin da kowa ya ji a gaban kakarsa, ko dai ka san shi ko ba ka san shi ba, babu tsaka-tsaki. Wanda ya sani ya amsa nan take, wanda bai sani ba ko ya kwana bai samo ba. A teburinmu nan Domayo akwai biyu da Fulatanci suka tashi da shi a gida, Faransanci a makaranta, Hausarsu ta kasuwa ce. In na ce musu "Baba na ɗaka, gemu na waje", ba hayaƙi ne zai zo musu ba, ji za su yi an ware su.

Abin da nake yi, daga tatsuniyar tamu na ɗauko shi. Ka tuna in aka kasa amsa me mai tambaya yake cewa? "Ku ba ni gari." A ba shi gari, in ya raina ya ce bai so, a ƙara masa babba, sannan ya faɗi amsa a ci gaba. Kakanninmu ba su taɓa barin hira ta mutu saboda an kasa amsa ba. To ni ma kowace ƙofa da na saka, akwai garin da za a biya. In sun kasa, aljanin da ke gadin ƙofar ya ce su ba shi wani abu: takobin wane, ko kwana ɗaya na tafiyarsu, ko alƙawarin da zai dawo ya karɓa daga baya. Ƙofa ta buɗe, labari ya ci gaba, amma sun ji a jikinsu.

Abakar, Njamena

Maganar Anti Hajara ita ce. Ni zan ƙara da tambaya: alama nawa ka ajiye musu a ɗakin?

Ɗanlami, Garwa

Ɗaya ce, Yaya Abakar. Akwai lamba 15 da aka sassaƙa a ƙasan ƙofar, ƙura ta rufe ta. Na ce wanda ya duba ya jefa ƙwaya mai fuska 20 (irin ta lido ce, da ita ake gane ko jarumi ya yi nasara), sai ya samu 15 ko fiye. Wanda ya jefa ya samu 6, ko da ƙarin 3 da jaruminsa yake da shi bai kai ba. Shi ke nan ba su gan ta ba.

Abakar, Njamena

To ka ga inda gizo ke saƙar. Mu yi lissafi. Mai ƙarin 3 yana bukatar ƙwaya ta nuna 12 zuwa 20, fuska tara ke nan cikin ashirin, wato kashi 45 cikin ɗari. Tun kafin su zauna, damar su rasa alamar nan ta fi damar su same ta. Ka rataya yammacin mutum shida a kan jifa ɗaya.

Akwai wani mai rubutu a kan wasannin nan a Amurka, Justin Alexander, da ya kawo wata ƙa'ida a 2008: duk abin da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye masa alamu aƙalla uku. Dalilinsa, ta farko ba za su gan ta ba, ta biyu su gani su ƙyale, ta uku su yi mata gurguwar fahimta, amma a cikin ukun dai wani abu zai kama. Ko da lissafin ƙwaya kaɗai, alamu uku masu wahala iri ɗaya, damar a rasa su duka ta sauko zuwa wajen kashi 17. Ni ma na wuce nan: alamar da babu yadda za a yi ba tare da ita ba, ba na sa a jefa mata ƙwaya sam. Wanda ya ce ya duba ƙasan ƙofa, ya ga 15, magana ta ƙare. Ƙwaya sai don ƙarin haske, misali ya gane cewa dutse mai lamba 5 ya fi sauran gogewa, alamar an fi taɓa shi.

Malam Sale, Ngaundere

Ɗanlami, kafin a yi nisa, rubuto min jerin da ke takardarka, kuma in ka tuna, rubuto wanda suka gwada na ƙarshe.

Ɗanlami, Garwa

Nawa, Malam: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Nasu yana nan a takardar da suka bari: 2, 7, 6, sai 9, 5, 1, sai 4, 3, 8. Na duba na ga bai yi daidai da nawa ba, na ce ƙofa ba ta motsa ba.

Malam Sale, Ngaundere

Ɗana, ai sun ci. Ƙirga da kanka. Biyu da bakwai da shida 15. Tara da biyar da ɗaya 15. Huɗu da uku da takwas 15. Daga sama zuwa ƙasa haka, kusurwa zuwa kusurwa haka. Ba tare da alamarka ba ma suka kai ga amsa, kai ne ka hana ƙofar buɗewa.

Ba laifinka ba ne kai kaɗai, mutane da yawa ba su san wannan ba. Lissafi nake koyarwa, bari in ɗan buɗe shi. In ka tara 1 zuwa 9 za ka samu 45. Layuka uku ne, don haka dole kowane ya zama 15, ba sai an sassaƙa a ƙofa ba. Gidan tsakiya kuma dole 5 ne: layuka huɗu ne ke ratsa shi, jimlarsu 60, a cikin wannan 60 ɗin kowane gida ya shiga sau ɗaya sai na tsakiya da ya shiga sau huɗu, to 60 a cire 45 saura 15, a raba uku, 5. Daga nan 2, 4, 6, 8 su tafi kusurwoyi. Asalin jerin ɗaya ne tak, amma in ka juya shi ko ka kife shi kamar a madubi, fuska takwas yake da ita, kuma duka takwas ɗin daidai ne. Kai ka riƙe ɗaya, ka ƙi bakwai.

Don haka a takardarka kada ka rubuta amsa, rubuta sharaɗi: "kowane layi 15". Duk abin da ya cika sharaɗi ƙofa ta karɓa. In kuwa lallai fuska ɗaya kake so, to kafe duwatsu biyu tun farko, misali 4 a kusurwar sama ta hagu da 9 kusa da ita, sauran bakwai ba su da wani wurin zuwa sai inda kake so.

Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamin nan Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina irin waɗannan gidaje masu adadin mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk lokacin da na gaya wa ɗalibaina wannan sai in ga sun gyara zama.

Ɗanlami, Garwa

Innalillahi. Na ƙirga yanzu, haka ne. Wallahi Malam jikina ya yi sanyi. Zan kira su yau in gaya musu sun ci, musamman wanda ya jera, don shi ne ya fi kowa dagewa.

Bello, Kusiri

Ku yi haƙuri, ni ban yarda da rabin abin da ake faɗa a nan ba. Kuskuren gidaje taran na gane, wannan a gyara. Amma maganar a biya gari ƙofa ta buɗe, a ajiye alamu uku, a daina jefa ƙwaya, to ina wasan yake? In mutum ya san ko ya yi tunani ko bai yi ba zai wuce, don me zai wahalar da kansa? Gary Gygax da Dave Arneson da suka fito da wasan nan a 1974 ba haka suke yi ba. Labarin wasa mai suna Tomb of Horrors da Gygax ya fitar a 1978 cike yake da tarkuna, wanda bai yi hattara ba jaruminsa ya mutu, kuma har yau ana maganarsa. Daɗin cin nasara daga yiwuwar faɗuwa yake zuwa. Ni a teburina in sun kasa, sun kasa.

Hajara, Marwa

Malam Bello, ban ce a cire faɗuwa ba. Cewa na yi faɗuwa ta zama abin da ya faru a cikin labari, ba zaman shiru a zaure ba. Watannin baya 'yan teburina suka kasa wata tambaya, suka ba aljani sunan jarumar ɗaya daga cikinsu. Tun daga ranar duk garin da suka shiga babu mai iya tuna sunanta, ko mahaifiyarta a labarin. Zama huɗu suka yi suna neman yadda za su karɓo shi. Kana ganin wannan bai fi mutuwa ciwo ba? Yarinyar da ke riƙe da jarumar har yanzu in an zo ƙofa ita ce ke cewa a tsaya a yi tunani.

Bello, Kusiri

Wannan na yarda yana da ciwo, Hajiya. Amma ke kin iya zaɓen abin da za a biya. Da yawa za su ce a ba da tsabar zinariya goma a wuce, ya zama kamar kuɗin shiga kasuwa.

Hajara, Marwa

Shi ya sa mai tambaya yake da ikon ya ce bai son garin. In sun miƙa abin da bai dame su ba, aljani ya ƙi karɓa.

Abakar, Njamena

Bello, ka tuna kuma da yanayinmu. Mutanenka daga Kusiri suke duka. Ni biyu daga cikin nawa sai sun tsallako gadar Ngeli da ke tsakanin Kusiri da Njamena, sun biya kuɗin mashin zuwa da komowa, kuma dole su koma da wuri. Awa uku muke da su a mako. Ba zan iya ƙone ɗaya da rabi a gaban ƙofa ɗaya ba. Ina sa wa kowane wasa ƙwaƙwalwa minti 15 zuwa 20 a raina. In lokaci ya wuce, wani abu ya faru: ruwa ya fara shigowa ɗakin, ko a ji takun masu gadi, ko fitila ta fara mutuwa. Ba hukunci ba ne, tura labari ne gaba. Sau da yawa ma a cikin wannan ruɗanin ne wani yake faɗo amsar.

Usmanu, Gidar

Ni sabo ne, tambaya gare ni. Jarumina masani ne, makin hankalinsa a takardar jarumi 18 ne, wato babba. Ni kuwa lissafi ba ya shiga kaina. Adalci ne a ce jarumin ya kasa don ni na kasa? Ai mai riƙe da jarumi ƙaƙƙarfa ba a ce masa ya ɗaga dutse da hannunsa kafin jaruminsa ya ɗaga.

Bello, Kusiri

In aka bi wannan, ƙanina, sai a jefa ƙwaya a ce an warware, ba sai an zana komai ba.

Malam Sale, Ngaundere

Dukanku kuna da gaskiya, kuma akwai hanya a tsakani. Ƙwaya ba ta ba da amsa, tana sayo haske. Usmanu ya jefa, in ya ci, mai jan wasa ya rubuta masa a 'yar takarda shi kaɗai: "jaruminka ya taɓa ganin irin wannan, gidan tsakiya 5 ne." Shi zai faɗa wa sauran da bakin jaruminsa. Ya zama masanin da takardarsa ta ce, sauran kuma har yanzu da aiki a gabansu.

Wani abu kuma tunda an taɓo gidaje tara. Na san wasu za su so su sa haruffan Larabci maimakon lambobi don ya yi kama da hatimi. Ku kula da abu biyu. Na farko, lissafin haruffa iri biyu ne. A na Magariba, wanda malamanmu na allo suka gada, sad 60 ce, sin 300, shin 1000. A na Gabas kuwa sad 90 ce, sin 60, shin 300. Wanda ya yi karatu a zaure da wanda ya koya daga littafin Masar za su ba ka amsa biyu, kowa da gaskiyarsa. Daga 1 zuwa 9 babu saɓani, amma da ka haura sai ka faɗi wanda kake bi. Na biyu, kuma ya fi muhimmanci, kada a sa aya ko sunan Allah a takardar wasa. Takardun nan a ƙasa suke ƙarewa. Ƙirƙiro alamominka, tsuntsu, kifi, wata, ka ba kowace lamba.

Hajara, Marwa

Allah ya saka, Malam. Irin wannan saɓanin ya taɓa kama ni da kuɗi. Na ce ɗan kasuwa a labari yana son "ashirin", rabin tebur suka ɗauka dala ashirin, wato sefa ɗari, rabi suka ɗauka ashirin ɗin ce kawai. Yanzu duk lambar da ke cikin wasa ƙwaƙwalwa sai na rubuta ta a takarda kowa ya gani.

Abakar, Njamena

Mu nan riyal ne, shi ma sefa biyar, rikicin ɗaya ne.

Ɗanlami, saura maganar mai gatari, don ita ta fi tsaya min. Mutum ya kawo dabara ka ce masa "ba ta fasuwa". Da ka bar shi ya sara. Ƙofa ta fashe bayan sara goma, amma ƙarar ta tashi duk abin da ke barci a garin, ko gatarin ya dakushe. Ka san tsohuwar tambayar nan ta mai kwalekwale da kura da akuya da damin harawa, wanda ba ya iya ɗaukar fiye da ɗaya? Amsarta ta littafi tsallakawa bakwai ce: ya kai akuya, ya dawo, ya kai kura, ya dawo da akuya, ya kai harawa, ya dawo, ya kai akuya. Na taɓa saka ta a bakin kogi. Ko minti ɗaya ba a yi ba wani ya ce zai ɗaure bakin kurar da igiya, wata ta ce za ta rataye harawar a bishiya. Na so in hana, sai na ga ai wannan shi ne bambancin wasanmu da jarrabawa. Jaruman suna da hannu da igiya da baki. Na bar su, na sa ɗaure kurar ya zama aiki mai haɗari, aka yi dariya, aka ciji mutum ɗaya, aka tsallaka.

Bello, Kusiri

A nan kam muna tare. Dabara ta fi amsar littafi. Abin da ba na so shi ne a wuce ba dabara ba amsa.

Kuma tunda na yi ta musu, bari in kawo nawa. Abin da ya fi yi min aiki shi ne abin da za a taɓa da hannu. Na je Gawi, kusa da Njamena, na ga manyan tulunan nan na mutanen Sao na zamanin da, sai na gina ɗaki a kansu: tulu a kan sikeli, ƙofa ba ta buɗewa sai an zuba mudu huɗu cif, ga ma'auni biyu kawai, mai cin mudu uku da mai cin mudu biyar. Ban zana a takarda ba. Na kawo kofi biyu da na auna na sa musu alama, da roba cike da gero, na ajiye a tabarma. Wanda bai taɓa buɗe baki a wasa ba shi ya fara zubawa. Cika biyar, juye a uku, saura biyu. Zubar da ukun, juye biyun a ciki. Sake cika biyar, ƙarasa cika ukun da ɗaya, saura huɗu. Da baki wannan yana ruɗa mutum, da hannu kuwa kowa yana gani yana gyara wa ɗan uwansa. Kuma ba ya bukatar Hausa ko Larabci ko Faransanci.

Hajara, Marwa

Wannan zan ɗauka, Malam Bello. Kuma ka ga ɗakin naka yana da dalili: ma'ajiyar hatsi ce, wanda ya san awo shi ke shiga. Ɗanlami, tambayi kanka wa ya gina ƙofarka, kuma wa yake so ya shiga. In masu lissafin taurari ne suka gina ta don almajiransu, to alamu za su zo da kansu: allon wani almajiri da ya fara jerawa bai gama ba, zane a bango, tsohon da ke bakin gari wanda kakansa ya taɓa shiga. Ga alamunka uku ba tare da ka ƙaƙaba su ba.

Ɗanlami, Garwa

Na dawo da labari. Jiya muka zauna. Na fara da ba su haƙuri, na ce jerinsu daidai ne, ƙofa ta buɗe tun makon jiya. Wanda ya jera ya ce dama ya ƙirga sau uku a gida bai ga kuskure ba.

Daga ciki na saka musu ɗakin awo irin na Malam Bello, da gero na gaske. Na ƙara abu ɗaya: duk zubin da aka yi ba daidai ba, yashi yana sauka daga rufi, mai gatari ne ke tare da wata ƙofar gefe da kafaɗarsa kada ta rufe, yana jefa ƙwaya kowane zagaye. Wannan karon shi ya fi kowa surutu, yana ta ce musu su yi sauri. Sun gama cikin minti goma sha biyu. Ba a kai ga biyan gari ba, ko da yake na shirya abin da aljanin zai nema.

Yanzu ga abin da ke gabana. Mako mai zuwa za su tsallaka kogi da dare, akwai dorina a ruwa, kuma ina so in yi wani abu da kiɗan ganga, masunta a tsallake suna ba su hanya da kiɗa, bugu kaza dama, bugu kaza hagu. Anti Hajara, in na buga musu a kan ƙwarya da kaina, sau nawa ya kamata in maimaita kafin in ce kwalekwale ya kauce?

Hajara, Marwa

Sau biyu a hankali tun suna bakin gaɓa, inda kuskure ba ya cin komai, su gwada su gane ma'anar kowane bugu. A tsakiyar ruwa kuma sau ɗaya, sai in wani ya ce jaruminsa ya daina tuƙi ya kasa kunne, sannan ka sake bugawa, amma ruwa ya ɗan ja su ƙasa. Kuma ka gwada ƙwaryar a zauren kafin su zo, wata ba ta da amo, bugu biyu da uku sai su yi kama a kunne.